Sista Wasila da Furar Alhamis

Idan ka shiga Furfuri ka tambayi gidan Hajiya Wasila, za a nuna maka wani gida mai jar ƙofa kusa da injin niƙa, a ce maka ai mai awakin nan. Haka mutanen garin suka san ta tun da ta yi ritaya bara. Ni kuwa abin haushi yake ba ni. Matar nan ta yi shekara ashirin da takwas a tsaye a wajen kan marasa lafiya a ɗakin tiyata, tana kai mutane barci tana dawo da su, kuma cikin waɗanda ta dawo da su har da maigidana. Sunana Rahama, malamar firamare ce ni a Tsafe. Ranar da na fara ganin Wasila na zage ta a zuciyata, zagi mai kyau kuwa, shi ya sa nake ganin ni ya fi dacewa in ba da labarinta.

'Yar Malam Ɗantsoho ce, manomin dawa mai 'yan shanu huɗu. Ta yi firamare a garinsu, ta yi sakandare a Bungudu, daga nan ta wuce makarantar koyon aikin jinya. Da bakinta ta gaya mini cewa ranar farko da aka shigar da su ɗakin tiyata suna ɗalibai, ita aka fara ɗaukowa aka fito da ita, don likita na tsaga fata ta zube ƙasa. Da ta koma karo na biyu, wani dattijo mai sa barci ya ga tana shirin sake zubewa, sai ya yafito ta ya tsayar da ita kusa da shi, bayan ƙyallen da ake gittawa tsakanin kan mara lafiya da wurin da ake yanka. Daga nan ba a hango jini sosai. Ya ɗora yatsanta a gefen goshin mai barcin ya ce ta riƙa ƙirga bugun. Ta ce tsoro ne ya kai ta wurin, kuma ba ta sake barin wurin ba sai da takardar ritaya ta zo.

Mu mutanen waje muna cewa "mai allurar barci", kamar allura ɗaya take yi ta koma ta zauna. Ni ma haka na ɗauka. Ashe idan an yi wa mutum barcin tiyata, numfashinsa ma ba nasa ba ne. Ita ke zura bututu a maƙogwaronsa ta haɗa shi da na'ura, ita ke lura da awon jininsa, ta ƙara ruwa, ta ƙara jini, ta rage magani ko ta ƙara. Likita yana can ya duƙufa kan wurin da ya buɗe, sauran jikin mutum duka yana hannunta har a gama.

Tana shekara ta biyu da fara aikin aka kawo wata mata daga Magami. Wasila ta tambaye ta, "Kin ci abinci?" Matar ta ce ba ta ci komai ba. Gaskiya ta faɗa, don kunu ta sha, kuma ba wanda ke cin kunu. Barci na ɗaukar ta kunun ya taso daga ciki ya gangara huhu, domin mai barcin tiyata ba ya iya tari balle ya kare kansa. Matar ta yi kwana tara tana fama, ta rasu. Wasila ba ta cika son maganar ba, sau ɗaya ta ba ni labarin. Amma tun daga lokacin ba ta ƙara yi wa kowa tambaya ɗaya ta wuce ba. Ka ci? Ka sha? Ka kurɓa? Ka lasa? Ka tauna goro? An ba ka rubutu? Ka afa ɗan garin magani? Haka take bin su ɗaya bayan ɗaya, har ƙananan likitoci suka laƙaba mata Sista Tambaya, ita kuwa ko a jikinta.

Maigidana ma'aikacin gona ne a ƙaramar hukuma. Ya yi tarin tibi, ya sha maganinsa wata shida ya warke, muka yi hamdala. Bayan shekara biyu sai ƙafafu suka fara kumbura, ciki ya biyo baya. Mutumin da ke zagaye gonakin ƙauye uku a yini ya koma ba ya iya kai kansa masallacin ƙofar gida sai ya huta sau biyu. A wani babban asibiti a Gusau aka gano abin. Akwai wata jaka mai laushi da Allah ya sa zuciya a ciki, to ciwon nan ya bi ta ya taurar da ita, ta zama kamar busasshiyar fatar da aka manta a rana. Zuciyar na son buɗewa ta karɓi jini, jakar ta hana. Suka ce magani ba zai yi ba, sai an buɗe ƙirji an ɓare ta.

Babu mai yin wannan aikin a asibitin. Sai dai akwai wasu likitoci da kan zo sau ɗaya a shekara daga wani asibitin koyarwa, su yi kwana huɗu su koma. Babbansu Dakta Abdulrasheed, dogo, mai maganar mutanen Kano. Aka sa Malam, wato maigidan nawa, ranar ƙarshe, Alhamis, ƙarfe takwas na safe. Za a gama da sha biyu, su kama hanya da ƙarfe ɗaya, don kowa ya san hanyar nan ba a bin ta bayan la'asar. Likitan da ke duba Malam bai ɓoye mini ba, ya ce idan wannan zuwan ya wuce shi, ba ya jin zai ga na baɗi.

Ranar Laraba da yamma Dakta Abdulrasheed ya zagayo, ya dafa kafaɗar Malam ya ce, "Malam, gobe azumi za ka yi, ba ci ba sha sai mun gama." Aka rataya wata 'yar takarda a gadon mai haruffa uku na Turanci, waɗanda ni da nake koyar da Turancin ma ban san ma'anarsu ba, kuma girman kai ya hana ni tambaya. Malam har da murna. Ya ce, "Alhamis ma ta, ga lada ga magani." Ni kuwa na aika gidan ƙanwata a Tudun Wada aka kawo mini fura da nono mai kyau. Kafin kiran assalatu na dama masa ita da kauri, ya sha kofi biyu, ya ɗauki niyya.

Da safe ma'aikaciyar ɗakin ta tambaya ko ya ci wani abu, muka ce bai ci komai ba, ta rubuta. Ƙarfe bakwai da rabi aka turo shi a gado zuwa ƙofar ɗakin tiyata, ina biye. Nan wata gajeruwar mata mai koren kaya da hula ta tare mu. Ba ta yi kama da wadda za ta iya tsayar da komai ba. Ta gaishe mu, ta kama hannun Malam tana jin bugunsa tana magana.

"Malam, ka ci wani abu?"

"Ban ci komi ba, Hajiya."

"Ka sha?"

"Ai azumi nikai."

Sai na ga ta ɗago kai. Ta ce, "Madalla. Wa yac ce ka yi azumi?"

"Babban likita."

"To, ka yi sahur?"

Ni na amsa, da alfaharina kuwa. Na ce, "Ah to, Sista, azumi ba sahur? Hura nid dama mishi mai kauri, don shi samu ƙarhin aiki."

Ba ta yi tsawa ba. Ta tambayi ƙarfe nawa, na ce wajen biyar. Ta tambayi kofi nawa, na faɗa. Ta duba agogon bango, ta sa ƙafa ta taka birkin gadon, ta ce wa masu turawa, "Ba shi shiga. Sai ƙarhe ɗaya."

Ƙarfe ɗaya fa shi ne lokacin tashin motar baƙin likitocin. Na ce mata, "Baiwar Allah, kan hura? Mutum na mutuwa kina zancen hura?" Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita a nan ba. A raina na ce irin ma'aikatan nan ne da ba su da aiki sai nuna isa. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce, "Malama, hurag ga tana nan cikin cikinai. In nis sa shi kwana yanzu, tana iya tasowa ta shiga huhu. Na taɓa gani. Ba ni son in sake gani ga mijinki."

Dakta Abdulrasheed ya fito da hularsa, tare da likitan barcin da suka zo da shi. Da ya ji abin da ya faru, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce a zura bututu ta hanci a zuƙe furar. Wasila ta ce gudajin gero ba ya bin bututu duka, ko an zuƙa sai an bar saura. Ya ce to a yi yadda ake yi wa mai haɗarin mota da aka kawo da cikakken ciki, a tura maganin da sauri a toshe maƙogwaro kafin komai ya taso. Ta ce wannan sai mai lafiyayyar zuciya. Zuciyar Malam a matse take, maganin barci sai an ɗiga mata shi kaɗan-kaɗan, idan aka tura shi gaba ɗaya tana iya tsayawa. Ciki na son sauri, zuciya na son sannu, ba abin da zai raba su sai jira. Likitan barcin ya gyaɗa kai ya ce gaskiyarta.

Sai Dakta ya juyo kaina. Ya ce, "Hajiya, ban ce ba ci ba sha ba? Yanzu kin ga abin da kika jawo?" Na tabbata na kashe mijina da hannuna, da ludayina.

Wasila ta matso ta tsaya tsakaninmu. Kanta bai wuce aljihun rigarsa ba. Ta ce, "Ranka shi daɗe, kai kac ce mishi azumi. Ba ka ce mishi daga ƙarhe kaza ba. Wane Musulmi na ka azumi ba shi yi sahur ba? Matag ga abin da anka hwaɗa mata shi tay yi. Ni ma ina da nawa laihi, jiya aiki ya riƙe ni hab ban zo nig gane su ba."

Na ga ƙananan ma'aikata suna sunne kai, don babu mai yi wa irin wannan likitan magana haka. Sai Dakta ya ce, "Wallahi da mahaifina na faɗa wa haka, shi ma sahur zai yi." Ya zaro waya ya koma gefe. Yana da marasa lafiya da ke jiran sa a can asibitinsu washegari da safe, na ji shi yana ba da haƙuri yana cewa a ɗaga. Da ya dawo ya ce a gaya wa direba ya sauke kaya, sai gobe.

Awa biyar da rabi muka yi muna jira. Aka shigar da wani mai ƙaramin aiki a jijiyar hannu, amma duk da haka kowace awa sai Wasila ta leƙo. Ta sa wa Malam ruwa a jijiya, ta yi masa wata allura mai taimakon ciki ya sauke abin da ke cikinsa, ta ɗaga masa kan gado don numfashi. Ni kuwa na kasa haɗa ido da ita. A leƙowa ta uku ta ce mini, "Ke kau ba a sa ki azumi ba. Tahi ki ci wani abu, aikin na da tsawo."

Ƙarfe ɗaya da kwata suka shiga. Abin da ya faru a ciki ban gani ba, daga baya na tattara shi daga bakin Wasila da na Jummai, ma'aikaciyar da ke miƙa wa likita kayan aiki. Tun Malam na farke Wasila ta sa masa wata siririyar allura a jijiyar wuyan hannu, wadda ke nuna ƙarfin kowane bugu a allo. Likitan barcin ya sa wata a wuya. Maganin da ake tura wa mai lafiya cikin ƙiftawar ido, shi sai da suka yi minti goma suna ɗiga masa, Wasila na yi masa hirar takin zamani har ya yi shiru a tsakiyar magana. Bututu ya shiga lafiya, babu abin da ya taso.

Jummai ta ce da aka buɗe ƙirjin, zuciyar ba ta yi kama da mai rai ba. Wani farin ɓawo ne ya rufe ta, idan ƙarfe ya taɓa shi har ƙara yake yi, motsi kaɗan kawai ake gani a ƙarƙashi. Likita ya shiga ɓarewa, ɗan yanki bayan ɗan yanki. Duk lokacin da ya ɗaga zuciyar don ya kai ga gefenta, sai awon jini ya rufta. Wasila na tsaye, ido a allo, yatsa a gefen goshin Malam, sai ta ce, "Likita, sake ta." Babban likitan nan sai ya janye hannuwansa ya tsaya cak, har ta ce, "To, ci gaba." Jummai ta ƙirga, sau bakwai aka yi haka. Har yau idan na tuna tsigar jikina tashi take yi. Mutum riƙe da zuciyar mijina a tafin hannunsa, 'yar Furfuri tana gaya masa lokacin da zai taɓa da lokacin da zai bari.

A karo na shida ne aka samu matsala. Ɓawon ya tafi da ɗan naman zuciya, jini ya ɓalle. Minti huɗu awon yana ƙasa ƙwarai. Likitan barcin na tura magani, Wasila na matsa ledar jini da hannuwanta biyu don ya shiga da sauri, har aka ɗinke wurin. Bayan nan aka ɗage babban yankin da ke gaba. Wasila ta ce ita da ba ta leƙa bayan ƙyalle, ranar sai da ta leƙa. Zuciyar ta kumburo ta cika wurin, ta buɗe ta rufe, ta sake buɗewa sosai, bugun da ke ƙarƙashin yatsanta ya cika. Ta ce a duk shekarunta ba ta taɓa ganin ikon Allah kusa haka ba, sai ta ji bakinta na tasbihi a bayan ƙyallen fuska.

Ƙarfe biyar Dakta ya fito ya ce aiki ya yi kyau. Na fara kukan murna, sai na lura Wasila ba ta fito ba. Shida saura ta aiko a shigo da ni ɗakin farfaɗowa, aka ba ni riga da hula. Malam na kwance, an cire bututun, yana numfashi da kansa, amma idonsa a rufe. Wasila ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce lokacin tashinsa ya yi har ya ɗan gota. Wataƙila magani ne bai gama sakin sa ba, wataƙila kuma minti huɗun nan sun taɓa ƙwaƙwalwa. Ba za a sani ba sai an kira shi ya amsa.

Ta sunkuya ta kira sunan da ke jikin kati. "Malam Mannir. Malam Mannir, an ƙare aiki." Ko gezau. Ta ce in gwada. Na ce, "Malam. Malam." Shiru.

Ta dube ni. "Mannir ɗin ga, shi aka kiran shi da shi gida?"

Na ce a'a, sunan takarda ne, na makaranta da wurin aiki.

"Da wane suna innarshi ka kiran shi?"

Shekara ashirin da biyu muna tare, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko wani mai irin sunan na gani, sai dai in ce mai sunan Malam. Na matsa kusa da kunnenta zan raɗa mata, ta kauce.

"Ba ni za ki hwaɗa ma ba. Shi za ki hwaɗa ma. Da ƙarhi."

Ga likitan barcin a tsaye, ga ma'aikata biyu. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta ƙarfi. Na kama hannunsa na sunkuya.

"Arzika."

Fatar idonsa ta motsa. Wasila ta ce, "Ƙara."

"Arzika! Tashi!"

Ya buɗe ido a hankali, ya bi silin da kallo, ya sauko kan fuskata. Ya ɗaure gira. Muryarsa a dishe, da ƙyar take fita, ya ce, "Rahama? Ke ta ka kirana hakanga gatsau, gaban mutane?"

Wasila ta ce masa ya matse hannuna, ya matse. Ta ce ya motsa ƙafafu, ya motsa duka biyun. Ta duba agogo ta rubuta lokacin a takarda, sannan ta jawo kujera ta zauna, karo na farko tun safe. Ni kuwa na durƙushe a gefen gadon ina kuka ina dariya, ina ta maimaita sunan, shi kuma yana ta harara ta.